Jikanyar mai lifidi da shimfiɗar tebur

A wani ƙauye kusa da Mirriya, cikin jihar Damagaram, akwai wata mata mai ɗinki. Mijinta ya rasu ya bar ta da ɗiya 3. Da damina tana noma ƴar gonarta. Da rani tana zama bakin keken ɗinki cikin zauren kakanta. Shekara 2 ta yi tana zuwa karatun manya. Yanzu tana karanta Hausa, tana rubuta lissafinta da hannunta cikin kaye.

Wata ranar kasuwa, wata Hajiya mai sayar da kayan aikin hannu a Yamai ta ga ɗinkinta ya yi mata kyau. Ta ce tana son shimfiɗar tebur guda 12 cikin wata 1.

Wannan shimfiɗa baƙuwa ce a ƙauye. Daga Turai da Amurka aka samo ta. Doguwa ce, siririya. Wadda Hajiya take so tsawonta metir 1 da rabi, faɗinta santimetir 35. Ana shimfiɗa ta tsakiyar tebur, a aza mata kwano da buta da kofi. Gidajen saukar baƙi da mutanen birni ne suke sayen ta. Ninki 3 gare ta. Akwai fuska, wadda ido yake gani. Akwai abin ciki, mai ba ta kauri. Akwai shafi, wanda yake kwance bisa tebur. Ana haɗa su duka 3 a bi su da ɗinki layi-layi.

Hajiya ta kawo fuskar da kanta, saƙar hannu ce mai fari da baƙi. Ta ce abin ciki da shafi mai ɗinki ta nema. Kuɗi kuma sai ran da aka kawo kaya. Matar ba ta da jari. Akuya guda gare ta, wadda take ajiye saboda lokacin da rumbu zai ƙare. Ta kwana 2 tana tunani. Ran kasuwa ta ja akuyar ta sayar.

Shawarar mutane

Da labari ya bazu, kowa ya kawo tasa. Wani tela ya ce ta sayi soso mai laushi, irin na katifa, ta yanka. Aikin kwana 3 ne. Wata maƙwabciya ta ce ta sayi audugar roba, irin wadda ake cusa wa matasan kai na kanti. Wata kuma ta ce: “Wa zai farke ɗinki ya duba ciki? Ki sa abin da ya fi araha. Kafin a gane, kaya sun kai Yamai.”

Ita kuwa zuciyarta tana kan audugar rimi, don da ita ta buɗe ido a gidan kakanta. Tsohon mai ɗinkin lifidi ne. Lifidi shi ne rigar yaƙi mai kauri da ake sa wa doki da mahayinsa, don kibiya ta maƙale ciki kada ta kai ga jiki. Sana'a ce mai tsohon tarihi a ƙasar Hausa. Littafin tarihin Kano ya ce Sarki Kananeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. A zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ƴan lifida suna cikin rundunar birni. Yau yaƙin dawaki ya wuce, sai ran hawan salla ake ganin su. Tsohon ya gaji sana'ar wurin ubansa. Yanzu idonsa ya yi rauni, amma hannunsa bai manta ba.

Matar ta shiga Kasuwar Dole ta Damagaram. Ta sayi audugar rimi wurin masu kawo ta daga kudu. Ta koma gida ta ɗinka shimfiɗa guda, ta kai wa tsohon tana murna.

Ya shafa ta daga wannan baki zuwa wancan. Ya matsa ta da yatsa. Ya ce: “Amarya, mi kika sa a ciki?”

Ta ce: “Rimi ne, angona. Irin naka.”

Ya yi dariya har da tari. Ya ce: “Doki ne zai sa ta, ko tebur?”

Ta ɓata rai. Ta ce: “Kaka, bar wasa. Akuyata ce cikin wannan aiki.”

Sai ya daina dariya. Ya ce ta zauna. Ya ce mata rimi ya dace da lifidi don ba shi da nauyi, doki yana iya gudu da shi, kuma yana kumbura ya tare kibiya. Amma lifidi ba a wanke shi kowane mako. Ba a aza masa kofi. Kuma iyayensa sun gaya masa babban abin tsoron ɗan lifida shi ne kibiya mai wuta. Ya ce: “Kowane abin ciki da aikinsa. Kada ki gaskata ni, kada ki gaskata tela. Sai an gwada akan san na ƙwarai.”

Gwaji 4 cikin zaure

Washegari ta yanka ƴan ƙyallaye, kowane kamar faɗin tafin hannu 2. Ta ɗinka ƙananan shimfiɗu 4 daga ragowar yadi. Ta sa wa ta fari rimi, ta biyu soso, ta uku audugar roba, ta huɗu audugar gona. Ta buɗe kaye ta ja layi 4, ta rubuta sunan kowace.

Gwajin fari na kofi ne. Ta cika ɗan kofin shayi ta aza bisa kowace. Bisa rimi da soso kofin ya karkata, don suna lotsawa gefe guda. Bisa audugar roba ya yi rawa kaɗan. Bisa audugar gona, wadda ta shimfiɗa siririya, ya zauna daram. Ta rubuta: abin tebur ba ya son kauri da yawa.

Gwaji na biyu na ruwa ne. Ta wanke su da sabuni, ta matse, ta shanya. Rimi ya ƙi shan ruwa, yana ta tasowa sama. Da ya bushe sai ya dunƙule kusurwa guda, tsakiya ta zama wayam. Dalili shi ne silin rimi gajere ne, mai santsi, kuma cikinsa rami ne. Shi ya sa ba a iya kaɗa shi zare kamar auduga. Shi ya sa kuma, kafin roba ta yawaita, ake cusa shi cikin rigar da ke hana matuƙan jirgin ruwa nutsewa. Soso ya sha ruwa ya ƙi saki da sauri. Audugar roba ta bushe nan da nan, ba ta canza ba. Audugar gona ta daɗe kafin ta bushe, ta ɗan tattare, amma ba ta bar wurinta ba.

Gwaji na uku na guga ne, don abin da aka wanke sai an goge shi. Ta zuba garwashi cikin dutsen guga ya yi zafi ƙwarai. Audugar roba ta lafe, ta yi tauri, ba ta sake tashi ba. Soso ya motse, ya yi wari. Audugar gona ta miƙe sumul.

Gwaji na huɗu tsohon ne ya ce a yi shi, waje, bisa rairayi, da butar ruwa kusa. Inda ake shan shayi ba a rasa garwashi mai liƙe wa gindin buta. Ta ɗebi kaɗan daga kowane abin ciki ta taɓa masa garwashi. Rimi ya kama fuu, kafin ƙiftawar ido ya ƙare. Soso ya narke da baƙin hayaƙi mai shaƙe mutum. Audugar roba ta narke ta zama baƙin ƙullutu mai tauri. Asalinta daga man fetur ne, kamar leda, kuma tana narkewa in zafi ya kai wajen digiri 250. Audugar gona ba ta narke ba. Ta ci a hankali, ta bar toka mai laushi.

Tsohon ya ce ta rubuta wannan ma: auduga ita ma tana cin wuta. Tana iya ci a ɓoye daga ciki, mutum bai sani ba. In garwashi ya taɓa ta, a jiƙa wurin da ruwa.

Da ta duba kayenta ta ga audugar gona ta ci gwaji 3, ta faɗi wajen saurin bushewa kawai. Sauran ba banza ba ne. Rimi na matashin kai ne da lifidi. Soso na kujera ne da katifa. Audugar roba ta dace da abin da ba ya kusantar zafi. Amma abin da za a aza wa kwanon miya, a wanke, a goge, audugar gona ce tasa.

Ta zauna ta warware shimfiɗar farko zare bayan zare, don kada fuskar Hajiya ta lalace. Kwana 2 ya ci mata. Rimin kuwa ta cusa wa ɗiyanta matasan kai.

Gyaran auduga

A Nijar ana noman auduga wajen Gaya da Ƙonni da Madawa. Tsofaffin mata masu kaɗi ma ba su rasa ƴar tasu. Wurin irin waɗannan ta sayi tata, da anguryarta. Ta ari magurji ta gurje. Tsohon ya zauna gefenta yana bin audugar da yatsa. Duk ƙwayar da ta tsere mata, shi yake kama ta. Ya ce angurya tana da mai. In an bar ta ciki, ran da aka wanke aka goge sai ta fito da tabo bisa farin yadi. Ɓera ma yana jin ƙanshinta.

Bayan gurza sai saɓi. Ta kaɗa masaɓi har audugar ta tashi ta yi laushi, babu ƙullutu. Sa'an nan ta shimfiɗa ta bisa shafi kaɗan-kaɗan, ko'ina daidai. Tsohon ya koya mata dabara guda. Ta ɗaga aikin wajen hasken ƙofa ta duba. Inda haske ya ratsa da yawa, ta ƙara. Inda ya yi duhu, ta rage.

Ya ce kuma audugar da aka saɓa da hannu ba ta zama sai an ɗaure ta da ɗinki. Tsakanin layi da layi kada ya wuce faɗin yatsa 2. In ya wuce, wanki 3 ko 4 zai tara ta wuri guda. A fara kama ninkin duka da manyan taku na allura, waɗanda za a zare daga baya. A soma ɗinki daga tsakiya a nufi baki, don kada yadi ya tattaru.

Wanda bai sami auduga ba yana da wata hanya. Tsohon zane na auduga, wanda ya sha wanki, a ninka shi 2 a sa ciki. Ba ya dunƙulewa, ba ya raguwa. Sai dai in fuska fara ce, a sa farin zane, don mai launi yana nunawa ta waje.

Zaɓen shafi

Saura shafi. Ta koma kasuwa. Mai kanti ya jawo mata wani yadi mai ƙyalli, ya ce shi ne yayi. Ta shimfiɗa bakinsa bisa katakon kanti ta tura shi da yatsa guda. Ya zame har ƙasa. Ta tuna shimfiɗar tana rataye bakin tebur, yaro yana iya jan ta. Shafi mai santsi zai taho da kwanon miya duka. Ta ce a'a.

Ya nuna mata wani ja mai kyau. Ta jiƙa bakinsa ta goga bisa farin ƙyalle. Ƙyallen ya yi ja. Da ta saya, wankin fari zai ɓata farin saƙar Hajiya. Baƙin rini ma haka yake yi in bai sha ɗauraya ba.

Daga ƙarshe ta tsaya kan akoko, farin yadin auduga mara ado. Ta roƙi sili guda ta ƙyasta masa ashana. Ya yi warin takarda mai ƙuna, ya bar toka. Wannan ita ce shaidar auduga. Da akwai roba ciki, da ya narke ya yi ƙullutu. Mai sayen kayan gwanjo, waɗanda ake kira bosho, yana da wata shaida. Ya duba ƴar takardar da ke ɗinke jikin kaya. In an rubuta 100% coton, auduga ce zalla. Da can matar ba ta san amfanin wannan takarda ba. Karatun manya ne ya buɗe mata ita.

Ba ta sayi duka nan take ba. Ta sayi metir 1 ta kai gida. Ta wanke shi da ruwan zafi, ta shanya, ta sake aunawa. Ya koma santimetir 96. Sabon yadin auduga haka yake, yana raguwa da santimetir 3 zuwa 5 cikin kowane metir. Da ta ɗinka shi bai sha ruwa ba, ran wankin fari shafi zai ja, fuska ta tuƙuiƙuye, shimfiɗa ta ƙi kwanciya. Wankin kuma yana fid da sitacin da ake sa wa sabon yadi don ya yi kamar mai kauri.

Sai ta yi lissafi cikin kaye. Faɗin akokon santimetir 90 ne, yana fid da shafi 2 gefe da gefe. Shimfiɗa 12 ke nan yanka 6. Kowane yanka santimetir 160, har da na lanƙwasa baki. 6 sau 160 ya ba da 960, wato metir 9 da santimetir 60. Metir 10 in ya sha ruwa nan zai tsaya. Ta sayi metir 10 cif. Fuskar Hajiya ma ta jiƙa ta, ta shanya cikin inuwa, kafin almakashi ya taɓa ta.

Ranar alkawari

Aikin auduga ba ya sauri. Ga daka, ga ɗebo ruwa, ga ɗiya. Da wata ya cika, shimfiɗa 9 ta gama. Hajiya ta iso ta ƙirga, ranta ya ɓaci. Ta ce mota ba ta jiran ta. Ta ce a aika yaro ya sayo soso, a cika sauran 3 kafin gobe.

Matar ta yi shiru. In Hajiya ta fasa, akuya ta tafi, ga bazara ta kusa. Tsohon yana ƙuryar zaure, bai ce komi ba. Ta tashi ta ɗauko ƙananan shimfiɗun gwaji da kayenta, ta ajiye gaban Hajiya. Ta ce: “Hajiya, ki yi haƙuri. Ga ta rimi bayan wanki. Ga ta soso bayan guga. Ga irin wadda na yi miki. In na sa soso, wanda ya saya wurinki zai dawo, ba ni zai nema ba.”

Hajiya ta juya su ɗaya bayan ɗaya. Ta shinshina ta soso ta ture ta gefe. Ta daɗe ba ta yi magana ba. Sa'an nan ta ce: “Araha ba ta ado.” Ta biya kuɗin 9. Ta ba da kwana 10 a aika mata sauran ta hannun direba. Amma ta rage wani abu cikin kuɗin, ta ce na jinkiri ne.

Ribar ba ta kai yadda matar ta zata ba. Ta fid da kuɗin rimi da na gwaji, da kwanakin da suka salwanta. Abin da ya rage ya saya mata ƴar burguma, ba ta kai akuyar da ba, da tiya kaɗan ta hatsi. Maƙwabciyar ta ce da ta ji magana, da yanzu awaki 2 gare ta. Matar ba ta amsa ba.

Bayan damina direban ya tsaya bakin hanya ya ba da ƙunshi. Sabuwar saƙa ce ta shimfiɗa 12, da ƴar takarda. Matar ta karanta da kanta, ba ta nemi kowa ba. Hajiya ta rubuta tana son irin na farko, ciki da shafi duka, kuma a wannan karo ta ba da wata 2.

Ga masu irin wannan sana'a

Ga abin da yake rubuce cikin kayenta, don amfanin masu ɗinki na karkara, maza da mata:

1. A tambayi aikin da abu zai yi kafin a zaɓi abin ciki.
2. A ɗinka ƙarami a gwada shi da kofi, da ruwa, da guga.
3. A wanke shafi da fuska kafin a yanka.
4. A goga jiƙaƙƙen yadi bisa farin ƙyalle a ga ko yana zuba.
5. A fid da angurya duka, a shimfiɗa auduga siririya.
6. Layin ɗinki kada ya wuce yatsa 2 tsakani.
7. A shanya aikin auduga ya bushe sarai kafin a ninke, don kada ya yi fumfuna.
8. A ƙirga kwanakin aiki kafin a yi alkawari.

Na 8 ɗin ita ta ƙara da kanta, ba tsohon ya gaya mata ba.

Yanzu in an shiga zauren da hantsi, ana iske su biyu. Tana saɓi, yana bin auduga da yatsa. Babbar ɗiyarta in ta taso lakkol tana zama ta zura musu zare cikin allura. In tsohon ya kama angurya guda sai ya ɗaga ta sama ya ce: “Amarya, ga ɓarawo.” Ita kuma ta ce: “Jefa wa burguma, angona.”

Allah ya sa wa sana'a albarka, amin.